Darasin kimiyya: yadda leza ke farfasa zinariya don ta mai da haske zafi

Masu saurare, barkanku da war haka, daga nan Yamai. Yau zancen zinariya za mu yi, irin wadda ake tonowa a Djado, can arewacin Nijar, amma an farfasa ta har ido ba ya ganinta. Ma'auninta nanomita, wato a raba mita ɗaya kashi biliyan. Kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000, su kuwa ƙwayoyin nan 10 ne zuwa 100.

To, yaya ake yin su? Ana sa ɗan guntun zinariya cikin ƙaramin kofin gilashi, a zuba tsabtataccen ruwa ya rufe shi. Sai a saita leza, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi, ta riƙa harbin fuskar ƙarfen, harbi gajere ƙwarai, a jere a jere. Wurin da hasken ya sauka ya yi zafi har ƙarfen ya tashi tururi, kumfa ya taso, ruwan ya sanyaya shi nan take, ya daskare ƙwaya-ƙwaya. Sannu a hankali ruwan sai ya koma ja kamar zoɓo.

Ku tsaya a kan jan nan, don nan maganar take. Zinariya in ta ƙanƙance haka, ilektoron da ke jikinta, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke ɗauke da lantarki, suna kaɗawa tare idan koren haske ya same su, mai tsawon zango wajen nanomita 520 (shi ma launin haske da nanomita ake auna shi). Koren ta shanye, jan ya iso idonka. Wanda ta shanye ɗin bai ɓace ba, zafi ya zama, ya gasa ruwan da ke kewaye da ƙwayar. Masanin kimiyyar Ingila Michael Faraday ya haɗa irin wannan jan ruwa tun 1857, da sinadarai, leza kuwa sai 1960 aka ƙera ta.

Abin da ya sa nake fifita leza, tsabta. Ba a zuba wani sinadari da zai manne a jikin ƙwayoyin, kuma wannan babban abu ne ga masu binciken gasa ƙwayoyin ciwon daji da haske. Aibinta, abin da take samarwa kaɗan ne, girman ƙwayoyin kuma bai cika zuwa daidai ba.

Mu a Nijar, zafin rana na Afrilu da Mayu ba sai an faɗa muku ba. A Jami'ar Rice ta Amurka an nuna cewa irin ƙwayoyin nan cikin ruwa suna tayar da tururi da hasken rana kaɗai, tururin da zai tsabtace kayan likita. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, a kan zafin rana ya yi aikinsa a ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, kuma ina son ɗalibanmu su ɗora daga nan.

Ɗalibai, wanda duk ya samu shiga ɗakin gwaji, don Allah ya sa tabarau na kariya. Lezar da aka fi amfani da ita haskenta nanomita 1064 ne, ido ba ya ganinsa, amma yana ƙona shi.