V-boot ko BMW: wace tsohuwar motar Jamus ce za ta iya da zafin Birnin Kebbi?

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi bayan motar nan, yadda murfin but ɗinta ya sauko ya tsuke tsakanin fitilu biyu. Kowa ya san ta, V-boot ce. A kamfanin Mercedes-Benz lambarta W124. An fito da ita a ƙarshen 1984, aka daina ƙera mai ƙofa huɗu a 1995. Ke nan ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, 27 ga Agustan 1991, tana tsakiyar tashenta, sai manyan 'yan kasuwa da manyan ma'aikata ke shigarta.

Yau a garuruwanmu za ka same ta a ƙarƙashin dalbejiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. A Jamus kuwa daraja take ƙarawa. Can, idan mota ta cika shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta, ana ba ta lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, alamar ta shiga sahun motocin tarihi. Abin yana ci mini rai in ga muna yanka irin waɗannan motoci muna sayar wa 'yan gwangwan.

To idan kana da sha'awar ka mallaki ɗaya, ka riƙe ta da mutunci, wacce za ka zaɓa?

Bari in fara da V-boot ɗin, don ita na fi tsayawa a kanta. An ƙera sama da miliyan biyu da rabi, shi ya sa har gobe kayan gyaranta ba su yanke ba, daga Kofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna har Ladipo a Legas. Ƙafafunta na baya kowanne hannuwa biyar ke riƙe da shi, shi ya sa take kwanciya a kan titi ko da an haɗu da gargada. Waifa ɗaya gare ta, amma tana miƙewa tana dawowa ta share kusan dukkan gilashin. Ka rufe ƙofarta ka saurari ƙarar, za ka san an sa ƙarfe.

Sai dai V-boot ba ɗaya ba ce. Akwai 200E da 230E masu silinda huɗu, akwai 260E da 300E masu silinda shida a jere. A 1993 aka juya sunan, harafin ya dawo gaba, aka samu E200 da E220 da E280 da E320. Mutane da yawa suna rububin na ƙarshen nan saboda sun fi sabunta, amma akwai abin lura. Daga wajen 1992 zuwa 1995 kamfanin ya yi amfani da wata irin roba wajen rufe wayoyin injin, wadda zafi ke busar da ita ta riƙa marmashewa. Wayoyi su haɗu, mota ta riƙa sheƙa, wani lokaci har kwamfutar injin ta ƙone. Ka tuna a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana wuce digiri 40. Don haka in ka buɗe bonet, ka ɗan lanƙwasa wayar da ke kusa da injin. In robar ta tsage a hannunka, ka sa kuɗin sabbin wayoyi cikin lissafi kafin a yi ciniki.

Ni dai 230E nake so wa mai farawa. Injinta ba shi da rikici, shan manta da sauƙi idan aka kwatanta da mai silinda shida, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. In kana yawan doguwar tafiya, Jega zuwa Yauri ko Argungu zuwa Sakkwato, 300E ta fi daɗi a hanya, ka dai duba bayan injin ko baƙin mai yana tsattsafowa ta gaskit. Akwai kuma 500E mai silinda takwas, wadda aka haɗa da hannun kamfanin Porsche. Kimanin dubu goma kawai aka yi, masu tara motoci a Turai ke farautarta, ba ita muke magana ba yau.

Wadda ta gaji V-boot a 1995, W210 mai zagayayyun fitilu huɗu, tana da daɗin zama amma tsatsa ta ɓata mata suna. Har mazaunin sifirin na gaba tsatsa kan cinye ya ɓalle. Mu nan ba mu da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, amma motar da ta yi shekaru a Turai ko a bakin teku a Legas da ciwonta take zuwa. W211 da ta biyo bayanta a 2002 kuma, kafin gyaran da aka yi mata a 2006, birkinta na lantarki ne da ake kira SBC, kuma famfonsa in ya gaji kuɗi ne masu kauri. In babu mai na'urar duba ta a kusa da kai, ka haƙura da ita.

BMW fa? E39, wato samfurin 5 Series da aka yi daga 1995 zuwa 2003, a wajen tuƙi ta fi V-boot, ba ni da ja a kan wannan. Sitiyarinta yana jin hannu, injinta mai silinda shida yana tafiya sumul. Matsalarta ita ce kayan sanyaya injin. Bakin lagireto da tankin ruwa roba ne, shekaru da zafi kan sa su fashe ba sallama, kuma injin in ya yi zafi sau ɗaya sosai kansa na iya lanƙwashewa. Ga ta ƙasa-ƙasa, hannuwan ƙafarta na alminiyam, ramukan damina ba sa raga musu. Mai sonta ya saya, amma ranar farko ya canza lagireto da famfon ruwa da tiyo-tiyo gaba ɗaya, kada ya jira su nuna alama. Audi 100, wadda ta koma A6 a 1994, jikinta ba ya saurin tsatsa, sai dai masu gyaranta da kayanta sun yi ƙaranci a wajenmu.

Maganar ruwan injin nan ina so in jaddada ta, don tana kashe motocin Jamus da yawa a Arewa. Al'ada ce a gareji a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, a jefar, a ɗaure fanka ta yi ta juyawa, a cika lagireto da ruwan rijiya, wai ƙasarmu da zafi. Injin nan an tsara shi ya yi aiki a wani mataki na zafi. In bai kai ba, zai riƙa shan mai fiye da kima, cikinsa ya yi ta cin kansa. Ruwan rijiya kuma yana tara ƙasa da tsatsa ya toshe hanyoyin ruwa. Ka nemi bakaniken da zai yarda ya mayar da tamostat ya zuba ruwan sanyaya na gaskiya. Ka same shi tun kafin ka sami motar, shi da mai wayarin da ya san Marsandi, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar dubawa, ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka sa hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi. Dillali kan ɗuma mota kafin mai saye ya iso don a ɓoye hayaƙi da ƙarar farko. Ka sa giyar baya ka ƙirga: in ta yi jinkiri kafin ta kama, giyabos ya fara gajiya. Ka ɗaga kafet ka shinshina ko ruwa ya taɓa shiga. Ka leƙa wuraren da ake kafa jak. Kada ka dogara da mitar kilomita, takan tsaya ko a mayar da ita baya. Lalacewar kujerar direba da robar feda sun fi faɗin gaskiya. Ka guji wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ko aka dasa wa injin wata mota, don darajarta ta tafi ke nan.

Sai takardu. Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, shingayen kwastan ba sa ƙarewa a hanyar Kamba, kuma a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Motoci masu irin waɗannan shekaru ma sun wuce wa'adin da doka ta yarda a shigo da su, don haka wadda za ka saya tana cikin ƙasa tuntuni. Ka karɓi takardar kwastan da ta mallaka, ka gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke rubuce, harafi bayan harafi. In ko ɗaya ya saɓa, kada ka ba da ko kafin alƙalami.