Daidaita tsayin gaban Dodge Charger: tef kafin sifana

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani tsohon makanike ya yi wa matasa masu koyon sana'a.

Assalamu alaikum. Ku matso kusa, yara, ku dubi hoton nan. Dodge Charger ce ta 1969, ɗaya daga cikin motocin Amurka masu ƙaton inji da ake ƙerawa a wancan zamani. Yau ba injin za mu taɓa ba. Tsayin gabanta daga ƙasa za mu duba.

Ford Mustang da Chevrolet Camaro na lokacin, sifirin mai naɗi ne ke ɗauke da gabansu. Shi kuwa kamfanin Chrysler, mai Dodge da Plymouth a lokacin, tun 1957 ya koma amfani da sandar ƙarfe miƙaƙƙiya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A Charger tsawonta inci 41 ne. Bakinta ɗaya na cikin hannun ƙasa da ke riƙe taya, ɗayan kuma an kafe shi a jikin shasi. Idan taya ta faɗa rami sai sandar ta murɗe, kamar yadda ake matse wanki, sannan ta warware. Wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin Hiace ya san irinta.

To a jikin hannun nan akwai noti guda. Ka ɗaure shi, gaba ya ɗaga. Ka sassauta, ya sauka. Sauƙin nan shi ke ruɗin mutane. Kowa ya ɗauki sifana ya hau juyi, yana auna gefen bodi da ido.

Don Allah kada ku auna daga bodi! Motar da ta haura shekara 50 ta sha bugu, ta sha walda, bodinta ba abin yarda ba ne. Ga yadda littafin kamfanin ya tsara: a ajiye mota a daɓe mai lebur, a cika tanki, iskar tayoyi ta zama daidai, babu kowa a ciki. A danna ta a saki sau da yawa har ta zauna. Sai a yi awo biyu zuwa ƙasa, ɗaya daga ƙasan ƙarfen da notin ke turawa, ɗaya daga ƙasan mahaɗar da ke kusa da taya. Bambancin awon biyu shi ne tsayin. Tsakanin dama da hagu kada ya wuce kashi 1 cikin 8 na inci. Ku duba tef ɗinku ku ga ƙanƙantarsa.

Na taɓa yini guda ina fama da wata mota mai irin wannan sanda. Gabanta na hagu ya ɗaga, na yi ta sassauta noti, ta ƙi zama. Da la'asar na leƙa baya, ashe sifirin dama na baya ne ya gaji ya kwanta. Bayan dama idan ya nutse, gaban hagu ne ke tashi. Kwana biyu ina jin haushin notin da na wahalar a banza.

Wani ya tambaya ko ɗaure notin na ƙara wa mota tauri. A'a, ɗana. Taurin yana ga kaurin sandar, noti tsayi kawai yake canjawa. Idan kuwa ka sauke ta da yawa don ƙawa, hannun zai riƙa dukan robar da ke tare shi idan ya kai ƙarshe, kowane rami ka ji shi a ƙugu.

Sandunan kuma ba a musanya su, ta dama daban ta hagu daban, akwai alama a bakinsu. Kada a kama su da filaya, domin ƙaramin karce kan zama mafarin karyewa. Kuma duk lokacin da ka taɓa tsayi, tsayuwar tayoyi ta canja, dole a sake saita su, in ba haka ba gefe ɗaya na taya zai cinye.

Masu Mustang da Camaro ba su da wannan noti, sai canjin sifirin. Wasu kan gasa shi da wutar walda don ya sauka. Wannan kashe ƙarfe ne, kada in gani a garejin nan. Yanzu a kawo tef, mu je ƙarƙashin Hiace ɗin can in nuna muku notin da hannuna.