Kishin Burazil da Ajantina: Ciwon da Maƙwabci Ya Ji Maka Ya Fi Zafi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san cewa akwai musun da ba ya ƙarewa sai mai gida ya kashe janareto: Pele ko Maradona, Messi ko Neymar, Burazil ko Ajantina. Sharhinmu na yau a kan waɗannan maƙwabta biyu ne na Kudancin Amurka, waɗanda suka fara haɗuwa a fili tun 1914 a birnin Buenos Aires, Ajantina ta ci uku da nema, kuma har yau ba a rufe littafin bashin ba.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, Burazil tana iya haɗiye cin kashi daga kowa, amma ban da Ajantina. A gasar kofin duniya ta 2014 Jamus ta zura mata ƙwallo bakwai a gidanta, a gaban jama'arta. An yi kuka, koci Scolari ya tafi, aka dawo da ɗan gida Dunga, rayuwa ta ci gaba. Kwanaki kaɗan bayan wannan wulaƙanci, da aka zo wasan ƙarshe a filin Maracana na Burazil tsakanin Jamus da Ajantina, 'yan Burazil da yawa Jamus ɗin suka mara wa baya. Wato gara wanda ya kunyata su ya ɗauki kofin, da maƙwabci ya ɗaga shi a tsakar gidansu. Kishiya ke nan.

To, mu dubi watan Maris na 2025. Kafin wasan neman gurbin kofin duniya, Raphinha na Burazil ya cika baki cewa za su casa Ajantina. Aka je Buenos Aires, Messi ma bai buga ba, aka tashi huɗu da ɗaya, Burazil ce ta sha kashi. Cikin 'yan kwanaki aka sallami koci Dorival Junior, kuma kafin wata biyu su cika, ƙasar da take alfahari cewa ita ke koya wa duniya ƙwallo ta miƙa tawagarta ga Carlo Ancelotti, mutumin Italiya. Bakwai daga Jamus ba su sa an nemo baƙo ba, huɗu daga maƙwabci sun sa.

Wannan gaba ba daga yaƙi ta samo asali ba. Rigima ce ta gado: wane ne mai ƙwallo? Burazil ta nuna taurari biyar a ƙirjin rigarta, na 1958 da 1962 da 1970 da 1994 da 2002. Ajantina ta ce nata uku ne, na 1978 da 1986 da 2022, amma a zo a ƙirga kofin nahiya na Copa America, inda take da 16 Burazil na da tara. Ko FIFA da kanta ta kasa raba gardamar a shekarar 2000: Maradona ya lashe ƙuri'ar intanet ta gwarzon ƙarni, sai aka ba Pele tasa lambar daban, kowa ya tafi da tasa.

Kowane ɓangare kuma yana da ƙorafin da yake ajiye da shi kamar takardar fili. Na Burazil ya fara daga kofin duniya na 1978. Sun yi canjaras babu ci a Rosario, wasan da aka fi tunawa da shi saboda shure-shure. Daga nan Burazil ta buga wasanta da Poland ta gama, Ajantina mai masaukin baƙi ta shiga fili tana sane da cewa sai ta ci Peru da tazarar huɗu. Ta ci shida. Sojoji ke mulkin Ajantina a lokacin, zargi ya yi yawa, ba a taɓa tabbatar da komai ba, amma Burazil ta koma gida ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, kuma ba kofi. Bayan shekara huɗu ta rama a Basalona da ci uku da ɗaya, Maradona ya fusata ya shuri Batista, ya karɓi jan kati.

Sai labarin da ya fi kowanne daɗin ji, na 1990 a Turin. Burazil ta mamaye wasan, ƙwallo ta yi ta dukan ƙarfen raga. Saura kamar minti goma, Maradona ya ratsa tsakiya ya tura wa Caniggia, shi ke nan an gama. Branco na Burazil ya ce tun da ya sha ruwa daga gorar 'yan Ajantina jiri ya kama shi. Aka yi masa dariya, har bayan shekaru Maradona da bakinsa ya faɗa a talabijin, yana ƙyaƙyatawa, cewa an zuba maganin barci a ruwan. Kocin Ajantina, Bilardo, ya musanta. Ni dai da ni ne ɗan wasa, ko ƙishi zai kashe ni ba na karɓar gorar abokin hamayya.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga ƙasashen biyu. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Najeriya ta fitar da Burazil da ci huɗu da uku, ta kuma doke Ajantina uku da biyu ta ɗauki zinaren Olamfik. Kuma ba mu manta da biyun da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina a 2014 ba, duk da an yi rashin nasara.

Sikeli ya fara rinjaya ne a watan Yuli na 2021, lokacin da Di Maria ya ɗaga ƙwallo ta saman gola a Maracana, Ajantina ta doke Burazil ta ɗauki Copa America, babban kofinta na farko cikin shekara 28. Bayan wata biyu jami'an lafiya na Burazil suka shiga fili a Sao Paulo suka tsayar da wasa ana tsaka da bugawa, kan dokar killace matafiya ta korona, kuma ba a sake buga shi ba. A Nuwamban 2023 'yan sanda suka sa kulki a kan magoya bayan Ajantina, Messi ya janye 'yan wasansa zuwa ɗakin canza kaya, da suka dawo Otamendi ya ci da ka. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka doke Burazil a gida a wasan neman gurbin kofin duniya.

Saboda haka idan mai sauraro ya ga Ancelotti a bencin Burazil, ya san wanda ya zaunar da shi a can. Baƙon ƙarshe da ya taɓa jan ragamar tawagar kafin shi, wasa ɗaya tak ya yi a 1965, sunansa Filpo Nunez. Ɗan Ajantina ne.