Harshen da Ya Ɗaure: Abin da Ya Kai Ni Aikin Gyaran Magana

Wannan lacca ce da wata ma'aikaciyar gyaran magana, 'yar asalin ƙasar Gumel, ta gabatar a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta karkara a Jihar Jigawa, ranar taron iyaye da malamai. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida wakilin Hakimi, Allah ya ja zamani. Ina gaida Hajiya shugabar makaranta da malamai, da iyayenmu mata da nake hangowa can gindin maina. Ku kuma ƙannena, ku matso, yau maganar taku ce.

An ce in zo in faɗa muku aikin da nake yi da abin da ya kai ni gare shi. Duk inda na ce aikina gyaran magana, sai a tambaye ni, ita maganar lalacewa take yi? Tana lalacewa kuwa. Kowacce ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta ta ce "sssss". Yanzu ku ce "zzzzz". Kun ji abin da ke kaɗawa? Tantanin maƙwallato ke nan. Malamin Hausa ya koya muku leɓe da hanƙa da ganɗa da hanɗa da beli, kuna haddace su saboda jarrabawa. Ni nan ne gonata, kullum a nan nake wuni.

Mutum biyu ne suka kai ni wannan aiki, kuma duk a gidanmu suke.

Na farko ƙanena ne mai bi na. Yana shekara uku in'ina ta kama shi. Tsofaffi suka ce cakulkulin da aka riƙa yi masa yana jariri ne. Aka kira wanzami ya ɗaga harshen ya yanke linzami, yaro ya yi kwanaki ko koko ba ya sha sai da kuka, in'ina tana nan inda take. Wata rana Inna ta ɗora wake, ta aike shi wurin mai tebur ya sayo kanwa. Ya dawo da gishiri. Ta mayar da shi, ya sake dawowa da gishiri. Ta zane shi, ta ce wasa ya tsaya yi har ya manta aike. Da daddare muna kwance a tabarma a tsakar gida, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Yaya, ban manta ba. Kanwar ce ta ƙi fita, mutane suna ta kallona." Kun ga, a wurina kalmar ta fita lafiya lau. A gaban mai tebur kuwa "ka" ɗin ta tokare masa wuya, sai ya ɗauki kalmar da za ta fita, ya yarda da dukan da ke jiran sa a gida.

A makarantar allo ma haka. In ana biya karatu gaba ɗaya, muryarsa ce a sama, babu gargada. Da an ce ya biya shi kaɗai sai ya tsaya cik, ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe. Aka ce taurin kai ne, tunda ga shi ɗazu ya karanta. Ya sha dorina a kan abin da ba laifinsa ba. Yana gama firamare ya ce shi da aji har abada, alhali a lissafi duk gidanmu babu kamarsa.

Sai da na yi karatu na san cewa wannan halin in'ina ne a ko'ina cikin duniya: mai ita yakan yi waƙa ko ya bi muryar jama'a ba tare da tsayawa ba. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara 5 cikin 100 suna ratsawa ta cikinta, akasarinsu ta sake su, ta zauna wa kusan mutum 1 cikin 100 har girma. Ta fi yawa ga maza, tana kuma bin dangi. Ba cakulkuli ke kawo ta ba, ba linzami ba, ba kuma ƙarancin basira ba. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, cikin abin da ya roƙa a Suratu Ɗaha har da a kwance masa ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa. Manzo ne guda, wanda Allah ya yi magana da shi. To don me za mu mayar da yaro mai in'ina abin kwaikwayo a aji?

Ba ni da ƙwayar da zan ba shi ya haɗiya ya warke, kada a yaudare ku. Abin da muke yi shi ne mu koya masa ya sassauta leɓe da harshe, ya shiga kalma a hankali, ya daina guje wa kalmar da yake tsoro. Rabin aikin kuma na mutanen gida ne. Inna, in yaronki ya maƙale, kada ki ƙarasa masa, kada ki ce "nutsu mana, ja numfashi". Ki dube shi, ki jira, ke ki rage saurin taki maganar. Ƙanena yau shi ne ladanin masallacin unguwarmu. In'inar ba ta bar shi gaba ɗaya ba, amma yana cinikinsa, yana faɗar abin da yake so ya faɗa. Shekarun karatun da suka wuce shi ne ba za su dawo ba, kuma har gobe abin yana ci min rai.

Na biyu mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Dillalin dabbobi ne, duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, tsakanin Buzaye da Fulani da fatake daga kudu. Bakinsa ne jarinsa. Ina aji biyar a sakandare, wata asuba yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne da bai san yana da shi ba, ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Da aka dawo da shi daga asibiti, duk maganar duniya kalma ɗaya ta rage masa: "to". Yana jin ƙishirwa, "to". Ransa ya ɓaci, "to". Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce hankalinsa ya gushe. Masu dubiya su zauna a gabansa suna tambayar Inna, "Yana gane mutane kuwa?" kamar ba ya ɗakin.

Ranar da na gane gaskiya, yayanmu ya sayar da raguna biyu ya kawo kuɗin, yana lissafa wa Inna, ya yi kuskure a lissafin bai lura ba. Sai Baba ya buga tabarma da hannun hagu, yana "to, to, to". Ya jawo kuɗin, ya ware su kashi-kashi, ya nuna inda aka tsallake. Ɗakin ya yi tsit. Ashe duk watannin nan yana jin komai, yana gane komai, har maganganun da ake yi a kansa. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Daga nan na fara lura. In ana salla yana bi daga zaune, Fatiha tana fita daga bakinsa cif, amma in na nuna masa kofi na ce mene ne wannan, ba zai iya ba. Sai na riƙa fara masa magana in bar masa ƙarshen. In ce "Salamu...", ya ce "alaikum". In ce "ruwan...", ya ce "sha". Ban san cewa wannan dabara ce da masu wannan aiki suke amfani da ita ba, neman hanya kawai nake yi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka tun ina ƙarama "Uwata" yake ce min. Wata bakwai bai faɗa ba. Wani yammaci na kawo masa fura, ya daɗe yana motsa leɓe, sai na ji "U... Uwata". Ban taɓa karɓar kyauta irin wannan ba.

A asibitin da muke kai shi birni, masu gashin ƙashi suna ƙoƙari a kan hannu da ƙafa. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, maganar fa? Ya ce akwai masu wannan fanni, amma su ba su da ko ɗaya. A kujerar motar da ta dawo da mu gida na yanke shawara.

Wani likitan Faransa, Paul Broca, a 1861 ya ga majiyyaci irin Baba, wanda ba ya iya cewa komai sai "tan". Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka ga lahanin a ɓangaren hagu ta gaba. Ga yawancin mutane can ne ma'ajiyar magana, kuma ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin jiki na dama. Shi ya sa in dama ce ta shanye, sau da yawa magana takan tafi tare da ita. Kusan 1 cikin 3 na masu wannan ciwo suna samun matsalar magana. Da yawansu kuma haɗiya tana yi musu wuya, su riƙa ƙwarewa da ruwa, abin ya gangara huhu ya zama wani ciwon. Wannan ma aikinmu ne. Kada a ɗura wa irin wannan majiyyaci ruwa yana kwance, a zaunar da shi tukuna.

Yanzu bari in juyo kan iyayenmu mata, don akwai abin da ke damuna fiye da komai. Yawancin waɗanda muke kira bebaye harshensu lafiya ƙalau yake, kunne ne bai ji ba, kuma yaro ba ya faɗar abin da bai taɓa ji ba. Manya a nan sun tuna sanƙarau na 1996, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Ina firamare lokacin. Ƙawata da muke zuwa rijiya tare ta tashi daga ciwon ba ta ji, a hankali maganar da take da ita ma ta zube. Ƙyanda tana kurmantarwa, haka ciwon shawara mai tsanani ga jariri, haka kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya, haka wasu allurai da ake yi barkatai ba da umarnin likita ba. Rigakafi yana hana da yawa daga cikin wannan.

Jariri ɗan wata shida ya kamata ya waiwaya in an yi motsi a bayansa. Kafin shekara yana gwaranci, "ba-ba", "da-da". Wajen shekara ɗaya kalma ta farko ta fito, a shekara biyu ya haɗa kalma biyu, "Inna ruwa". In ba haka ba, kada a tsaya ana cewa ai babansa ma bai yi magana da wuri ba. Wani lokacin gaskiya ne, amma gwajin ji ba ya ciwo, kuma shekaru ukun farko su ne damina. Ana gwajin a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. In ta tabbata ba ya ji, akwai na'urar ƙara ji ga wanda za ta yi wa amfani, akwai maganar hannu, wadda harshe ce cikakkiya, akwai makarantar Tudun Maliki a Kano. Bara ba ita ce makomarsa ba.

To me ya sa na zo gare ku musamman? Saboda wannan aiki ba a yin sa da tafinta. Yaron da ke cewa "tare" a maimakon "kare", ko wanda ya kasa raba "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari", wa zai gyara masa in ba wanda kunnensa ya tashi da Hausa ba? Katunan gwaji da muka yi karatu da su, akasari a Ingila da Amurka aka tsara su, hoton tuffa da dusar ƙanƙara. Ka nuna wa yaron ƙauyenmu ya yi shiru, ka rubuta cewa ba shi da kalmomi, alhali ya san turmi da rumbu da akuya da amalanke. Ni jakata ludayi ne a ciki da ƙwarya da madubi da balan-balan. Sannan uwa ce ke wuni da yaro, kuma mace ce za ta shiga har ɗakinta ta zauna, ta ji abin da ba za a faɗa a zaure ba. Na sha ganin uwa ta ɓoye yaro mai tsagaggen leɓe a ƙuryar ɗaki, ba ta san ana ɗinke shi ba, bayan ɗinkin kuma mu koya masa furuci.

Ba zan ce muku akwai dukiya a ciki ba. Guraben aikin gwamnati kaɗan ne, kuma aiki ne na haƙuri, kina iya wata uku kina neman sauti ɗaya a bakin yaro. Mai gaggawa ta nemi wani fannin. Wadda zuciyarta ta kwanta kuwa, ta riƙe Bayoloji da Turanci, kada kuma ta raina darasin Hausa. Akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman a Oyo, a Jami'ar Ibadan kuma ana karanta fannin ji da magana. Bayan karatu akwai hukumar tarayya da ke yi mana rajista tare da masu gashi, ita ke ba da lasisin aiki.

Hajiya ta ba ni aron ofishinta. Bayan azahar ina nan har la'asar. Duk uwar da ke da yaron da take shakkar jinsa ko maganarsa ta kawo shi in duba, ba a biyan komai. In akwai tsoho a gida da magana ta ɗauke masa, a zo a gaya min, gobe da safe kafin in kama hanya zan shiga in gaishe shi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.