Kafin ka sayi injin ɗaure kaya da leda

Ɗauki misalin fak ɗin ruwan sha. Gora 12 ne, leda ta kama su ƙam, ga huda biyu a gefe inda ɗan dako ke zura yatsu ya ɗauka. Daga Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, ya taso, ya sha jifa a bayan tirela, kuma ko gora ɗaya bai zame ba. Aikin injin da za mu duba yau ke nan.

Injin kashi biyu ne. Na farko yana lulluɓe kayan da leda, wuƙa mai zafi ta yanke ta liƙe. Daga nan bel ya ja su cikin ɗakin zafi, inda iska mai zafin kusan digiri 180 ke sa ledar ta tsuke, fanka a bakin fita ta sanyaya ta.

Fara da kayanka, ba da hoton da dillali ya turo maka ba. Auna tsawo, faɗi da tsayin fak mafi girma da za ka yi, domin idan bakin ɗakin zafin ya yi masa kaɗan, kuɗinka sun tafi. Kaya masu nauyi irin ruwa, lemo da gwangwani leda mai kauri da ake kira PE suke so, mai kaurin maikiron 60 zuwa 80 (maikiron shi ne ma'aunin kaurin leda). Siririyar ledar da ake kira POF ta kwalin sabulu ce da kayan kanti, ba za ta jure hanya ba.

Amma, yallaɓai, inda na fi so ka tsaya shi ne wuta. Ɗakin zafin nan ne ke cin ta, wani ya haura kilowat 20, kuma wuta mai layi uku yake buƙata. Janaretanka zai ɗauka tare da sauran injina? Idan wuta ta yi ƙasa, zafi ya sauka, leda ta fito da tamoji, sako-sako. Idan bel ya tsaya da kaya a ciki kuma, leda ta ƙone, gora ya lanƙwashe. Na ga wanda ya sayi babban inji, ya rufe shi da tamfol saboda kuɗin dizal. Abin ya dame ni ƙwarai.

Batun sauri kuwa, ƙidaya fak nawa masana'antarka ke fitarwa a minti, ka ɗan ƙara. Ƙaramar masana'anta, injin da ma'aikaci ke tura wa kaya da hannu ya ishe ta.

Sannan ka tambayi mai sayarwa: hita, tef ɗin wuƙa da na'urar auna zafi, ana samunsu a Kano, ko sai an jira daga Sin? Ka kuma kai gorunanka da ledarka, a gwada a gabanka kafin ka biya.