Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan dabar ƙwallo a finafinan Ingila

Jama'a barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ƙanƙane ne, bari mu shiga kai tsaye.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko Elijah Wood na fim ɗin Green Street ɗan Ingila ne. A'a Hajiya, Ba'amurke ne. A fim ɗin ma ɗalibi ne da aka kora daga Jami'ar Harvard, ya je Landan ya faɗa hannun 'yan dabar West Ham.

Sai tambayar da ta fi yawa a makon nan, daga Funtuwa, Kumasi da Garwa: wai dambacewar magoya baya da ake gani a finafinan nan gaskiya ce, ko ƙarin gishiri ne? Muna tare da malamin nazarin fim. Dokta, bismillah.

"To, ni da fim ɗin The Firm nake farawa, wanda Alan Clarke ya yi wa BBC a 1989. Gary Oldman ne jagoran daba, amma fa dillalin gidaje ne, da matarsa da ɗansa da motarsa. Ba yunwa ce ta kai shi ba, daɗin faɗan yake ji. Akwai wurin da ɗan ƙaramin yaron ya tsinci wuƙar uban ya kai baki, jini ya ɓalle. Kuma ku lura da suturarsu a irin waɗannan finafinai, ba sa saka rigar kulob, sai kaya masu tsada, su Fila, su Lacoste, su Stone Island, don kada 'yan sanda su gane su. Ita Stone Island ɗin ma ta Italiya ce..."

Dokta, a gafarce ni, kada ka kai mu kasuwar tufafi. Masu sauraro, amsar ita ce: an yi. A shekarun 1970 da 1980 manyan kulob da dama suna da dabarsu. Ta West Ham, Inter City Firm, sunan jiragen ƙasan da suke hawa zuwa wasa ta ɗauka. Ranar 29 ga Mayu 1985, a filin Heysel da ke Brussels, magoya bayan Liverpool suka yi kan na Juventus, katanga ta rushe, mutum 39 suka mutu. Aka haramta wa kulob ɗin Ingila gasar Turai shekara biyar, Liverpool shida.

Amma ku riƙe wannan: yawancin finafinan da kuke kallo an yi su ne bayan ƙura ta lafa. The Football Factory na 2004 ne, Green Street na 2005. Kafin lokacin an cika manyan filaye da kujeru da kyamarori, kotu tana hana mai tada fitina shiga filin wasa, har fasfonsa ake karɓa idan Ingila za ta buga a waje. Ina maimaitawa: an yi abin, bai mutu murus ba, amma ba haka filin Firimiya yake a yau ba. A ganina kuma finafinan baya-bayan nan sun sa wa dabanci kwalliya fiye da kima, ga kiɗa ga raha, har yaro ya kalla ya ji sha'awa.

Ɗan'uwa daga Zariya, ka rubuta cewa 'yan daba ne suka haddasa bala'in filin wasa na Hillsborough a 1989. Haba Malam, a riƙa bincike. Turmutsutsu ne ya ci rayuka 97, kuma binciken kotu na 2016 ya wanke magoya bayan Liverpool, ya nuna gazawar 'yan sanda.

Na ƙarshe, wani da ya sa hannu da "Masoyin Chelsea" daga Gusau yana tambaya ko akwai baƙar fata a cikin 'yan dabar nan. Akwai, nemi fim ɗin Cass na 2008, labarin Cass Pennant. Sai dai kash, ɗan West Ham ne, sai haƙuri. Injiniya na ɗaga mini hannu, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa.