Na gano inda man birkin motata yake ɗiga

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Ina magana da ku daga garejin gidan da nake zaune a nan Kanada, ga motar nan na ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, domin ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai.

Kwana uku da suka wuce na canza kalifar birkin gaba ta hagu da hannuna, wato ƙarfen da ke matse faifan birki idan an taka, na fitar da iskar da ta shiga bututun birki, na cika man birki nau'in DOT 4 har layin MAX na tankinsa. Jiya da safe sai na tarar man ya yi ƙasa sosai, kuma idan na taka birki na riƙe, ƙafata tana nutsewa sannu a hankali. Tun daga lokacin ban motsa motar ba, domin birkin da yake zubar da mai ba abin gwadawa a titi ba ne.

Na fara zargin bututun ƙarfen da ke bi ta ƙarƙashin mota, saboda gishirin da ake watsawa a hanya lokacin dusar ƙanƙara yana sa tsatsa ta cinye shi. Na bi shi da tocila, babu danshi. Bayan masta ma, wato famfon da ke tura mai idan an taka birki, a bushe yake.

Sai na dawo wurin da hannuna ya taɓa, inda ya kamata in fara tun farko. Na wanke kalifar tas, na bari ta bushe, na shimfiɗa kwali a ƙasa, sannan na roƙi maƙwabcina ya taka birki ya riƙe da ƙarfi, tunda irin wannan yoyo ba ya bayyana sai mai ya matsu. Ku matso ku gani: ga ɗigo nan yana tsatsowa daga gindin bol ɗin da ya haɗa tiyo da kalifa, ruwan ɗorawa mai santsi tsakanin yatsu.

Wannan bol yana da washa biyu na jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma ni na mayar da tsofaffin. Jan ƙarfe yana lotsewa ne ya toshe kafa a ɗaurin farko, bayan haka ya taurare. Dubi zoben da ya kwanta a fuskar wannan washa da na cire. Kada wanda ya ce zai ƙara matsawa da sifana, domin cikin bol ɗin rami ne da mai yake bi, yana iya karyewa.

Na sa sababbin washa, na ɗaure daidai ma'aunin littafin motar, na sake fitar da iska. Alhamdu lillahi man bai taɓa fad ba, wato takalman birkin da ke goga faifai, da sai an canza su. Man da ya ɗiga a fenti na wanke shi da ruwa nan take, domin yana cin fenti. Sabon kwali zai kwana a ƙarƙashin motar, gobe da safe in duba shi da layin man kafin in mayar da taya.